Aljihun da Ban Taɓa Sa Hannu a Ciki Ba

Shekarun baya, wata ranar Litinin cikin watan Janairu, ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe, mu uku ne a wurin aiki: ni, da abokin aikina ɗan Ghana, da Baturen da ya ɗauke mu aiki. Na san lokacin daidai domin ni ne mai buɗe ƙofa, kuma ban taɓa buɗe ta ban dubi agogo ba. A wannan mintin abin ya fara, don haka daga nan zan fara.

Wurin wani ɗan shago ne a Edmonton, a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Duk bayan 'yan mintuna jirgin Overground zai wuce ta kanmu, kwalaben rini su yi ta karo da juna a kan kanta. Aikin da muke yi kuwa, in na faɗa wa mutanen gida dariya suke yi, wasu su ce ƙarya nake yi. Ana kawo mana sababbin rigunan fata irin na matuƙan jirgin sama na zamanin yaƙi, fil a leda, ko ƙura ba ta taɓa su ba. Mu kuma aikinmu mu tsufar da su.

Abin yana da tsari, kuma ni na tsara shi. Da farko a jiƙa rigar da ruwan ɗumi, a murɗe ta, a cusa ta a injin wanki tare da duwatsu ta sha juyi. In ta bushe sai a ɗauko samfefa a goge gwiwar hannu da bakin aljihu da gefen kwala, duk inda jikin mutum yake cin fata in an daɗe ana sa ta. Daga nan burushin waya. Shafin ciki kuma a jiƙa shi da ruwan shayi mai kauri har ya yi kalar tsohon gumi. A ƙarshe a bi ta da kakin zuma da ɗan baƙin man takalmi. Kwana huɗu, rigar da aka ɗinka watan jiya ta zama mai shekara hamsin.

Masu sayenta sun san sabuwa ce, ba a ɓoye musu. Maza ne masu rufin asiri, yawancinsu da furfura, waɗanda ba su taɓa riƙe ko sifana ba. Wani yana da goma sha a gida, wani ya fi haka, duk a rataye a ɗaki guda, ba ya ma sawa. Za ka ga mutum ya shigo ya shafa gwiwar hannun da na goge jiya da samfefa, ya lumshe ido, ya ce shi abin da yake so a riga shi ne a ga ta sha wuya. Ni da na taso a gidan da ake goge takalmi ɗaya har shekara bakwai don kada a gane ya tsufa, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da aikina. Talaka na gudun tsufan tufa, mai hali na biya a tsufar masa. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma wannan na gane shi tun makon farko.

To, a ranar Litinin ɗin nan rigar sanyina ba ta bushe ba, matata ta wanke ta ran Lahadi, ga sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba cikin shekara bakwai da na yi a London. Na buɗe akwati na ɗauko rigar mahaifina.

Mahaifina ƙaramin makaniki ne a filin jirgin sama a Jos, mai ɗaure kusoshi da goge mai. Wani matuƙin jirgi da zai koma ƙasarsu ya cire rigar fatarsa ya ba shi. Tun kafin a haife ni ke nan. Baba ya sa ta fiye da shekara talatin, wurin aiki, coci, jana'iza, ko'ina. Da ya rasu, ni kuma na tashi tafiya Ingila, mahaifiyata ta naɗe ta da hannunta ta sa mini a akwati. Ta ce, "An ce can akwai sanyi. Amma ba don sanyi na ba ka ba. A cikinta babanka ya naɗe ka ranar da muka kai ka coci aka miƙa ka. Ranar da Allah ya ba ka naka, a cikinta za a naɗe shi. Amana ce." Na ce, "To, Mama."

Ina shiga shago abokin aikina ya kwashe da dariya. Shi Musulmi ne, ɗan zango, kuma a Hausarsu mace da namiji duk "shi" ne. Malam Lamba yake ce mini, saboda komai sai na sa masa lamba. Ya ce, "Kai! Malam Lamba, yau ina za ka tashi da mu? Rigan nan ai ya girme ka. Wa ya yi maka shi? Ka je wani shago a ɓoye ko?"

Maigidan, wato Baturen, bai yi dariya ba. Ya ajiye kofin shayinsa, ya zagaya ni sau biyu kamar mai taya sa a kara. Ya ce in cire. Na cire. Ya kai ta gaban fitila, ya duba zif, ya duba ɗinki, ya shinshina ta. Sannan ya ce da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, duk abin da muke wahalar kwaikwayo ga shi nan a hannunsa. Ya ce tsufan da muke yi na ƙarya ne, wannan kuwa rayuwa ce ta yi shi. Ya roƙe ni in bar ta a shago mako shida kawai, mu kwafi kowane tabo nata, mu fitar da sabon samfuri. Ya ce ni zan jagoranci aikin, kuma babu mai taɓa ta sai ni.

Ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya ce, ba ta da tsawo. Amma shekara huɗu ina wannan shago ba a taɓa ce mini in jagoranci komai ba sai buɗe ƙofa. Kuma gaskiya na ji daɗi a ce rigar da yaran unguwa suke yi wa Baba dariya a kanta, yau ga Bature yana riƙe ta da hannu biyu. Na ce na yarda. Da yamma na koma gida da rigar leburanci a jikina, ina rawar ɗari a bas, na ce wa matata rigar tana wurin gyara.

Na sayi sabon littafi. Na shimfiɗa rigar a tebur, na bi ta daga kwala har ƙugu, na sa wa kowane tabo lamba. Ashirin da uku na samu. Lamba ɗaya, gefen kwala na hagu inda gemun Baba ya cinye fatar. Lamba huɗu, wani farin layi a kafaɗar dama, inda igiyar jakar kayan aikinsa take zama. Lamba tara, karce uku a gwiwar hannu, daga ranar da muka faɗi da keke yana kai ni makaranta, ya tare ƙasa da hannunsa don kada kaina ya bugu. Lamba goma sha bakwai, ƙuna a wuyan hannun hagu, ranar da risho ya kama da wuta ƙanwata tana rarrafe kusa da shi. Kowanne na auna tsawonsa da faɗinsa, na rubuta, na zana.

Maigidan ya sa aka ɗinko sabuwa mai yanka iri ɗaya, ya samo tsohon zif na wancan zamani a wurin masu kayan gwanjo. Ni kuma na zauna a kanta. Ba kwana huɗu na yi ba, mako biyar na yi. Ƙunar nan sai da na gwada ta a kan guntun fata sau goma sha ɗaya kafin ta fito daidai.

Wata rana na zo kan aljihun ciki, na ƙirji, ɓangaren hagu. Na ɗauko tef na auna bakinsa, na auna zurfinsa ta bayan shafi, na rubuta. Abokin aikina yana kallona. Ya ce, "Malam Lamba, ka sa hannu mana. Ƙila tsoho ya bar maka goro."

Na ce ba na sa hannu a aljihun babana.

Ya ce, "Mutumin da ya mutu shekara nawa? Zai fito ya mare ka ne?"

 Ina ɗan shekara bakwai na taɓa zura hannu a wannan aljihu, rigar tana rataye a ƙusa, ina neman alewa. Ko yatsuna ba su kai ƙasa ba Baba ya shigo. Bai doke ni ba. Ya tsayar da ni a tsakar gida ya ce, "Hannun da ya koyi aljihun uba, gobe aljihun baƙo zai nema." Ya sa na maimaita sau goma. Tun daga ranar ban ƙara ba, yana raye ko ba ya raye. Ko ranar Litinin ɗin da na sa rigar, ban taɓa wurin ba. Saboda haka aljihun sabuwar rigar sai na jiƙa shi da ruwan shayi kamar sauran shafin, na wuce lamba ta gaba.

Ranar da na gama, muka rataye su biyu a jere. Maigidan ya sa na juya baya, ya sauya musu wuri, ya kira abokin aikina ya zaɓa. Ya duba, ya duba, ya nuna tawa ya ce ita ce ta tsoho. Maigidan ya tafa. Ni kuma kaina ya kumbura, na buɗe baki na faɗi maganar da har yau in na tuna ta sai in ji kamar in ciji harshena. Na ce da Turanci, don maigidan ya ji da kyau, "Ko mahaifiyata ba za ta bambance su ba."

Mako shida suka cika ranar wata Litinin. Maigidan ya miƙo mini rigar a cikin baƙar jakar rataye kaya mai zif, ya girgiza hannuna, ya ce ni gwani ne. Na ja zif ɗin kamar taƙi ɗaya. Na ga lamba ɗaya a kwala, na ga lamba huɗu a kafaɗa. Na rufe. Wari ba zai gaya mini komai ba, hancina ya daɗe da mutuwa da warin kaki da fata. Na kai ta gida na mayar akwati, na ce wa kaina na sauke amana. Ni da nake ƙirga matakalar bene kullum in zan hau, ban ƙara minti biyu na duba rigar ubana ba.

Samfurin ya karɓu. Aka yi ta ɗinko su, muna ta kwafa musu tabon nan ashirin da uku daga littafina. Maigidan ya buga ɗan kati yana rataya wa kowace, da labarin wani matuƙin jirgin yaƙi wanda ba a taɓa haifa ba. Ƙunar risho ta zama wutar injin jirgi a sararin sama. Karcen keke ya zama saukar gaggawa a jeji. Na yi masa magana, ya ce labari ake saya, fata ai ko'ina akwai. Na koma kan aikina.

Cikin watan Oktoba matata ta haihu, mace. Na yi wa mahaifiyata booking na jirgi, ta zo ta zauna da mu a council flat ɗinmu, gidan hayar hukuma, don ta kula da mai jego. Muka sa ranar miƙa jaririya a cocinmu da ke Lewisham, inda ake sujada da Hausa.

Ranar Lahadin, ƙarfe takwas da minti biyar na safe, mu huɗu ne a falo: ni, da matata, da mahaifiyata, da jaririyar. Na riga na tsara tafiyar, ƙarfe takwas da rabi za mu fita. Mama ta ce, "Ɗauko rigar babanka." Na ɗauko, na cire ta daga jaka, na ɗora mata a cinya ina murmushi.

Ta shafa kwalar. Ta shafa kafaɗar. Na ga idonta ya kawo ruwa. Sannan ta buɗe ɓangaren hagu ta zura hannu a aljihun ciki, ba tare da ta duba ba, kamar yadda mutum yake laluben makunnin fitilar ɗakinsa. Hannun ya shiga, ya tsaya. Ta juya yatsunta a ciki. Ta fitar, ta sake mayarwa.

Ta ce, "Wannan ta wace ce?"

Na ce, "Ta Baba ce mana, Mama."

"Ban tambaye ka wa ta yi kama da tasa ba. Na ce ta wace ce?"

Na fara nuna mata. Na ce ga inda gemunsa ya ci, ga karcen keke, ga ƙunar risho. Ina magana kamar mai talla a kasuwa. Ta bar ni na kai aya, sannan ta jawo aljihun waje, ta juya shi. Fari ne da ya sha shayi, lafiyayye, ko ɗinki ɗaya babu a gindinsa.

Ta ce, "Babanka a nan yake cusa ƙaramar sifana. Sau uku tana huda shi. Sau uku ina yi masa faci da gefen zanen aurena, atamfa shuɗiya, da jan zare, don ranar farko baƙin ya ƙare mini, shi kuma ya ce in ci gaba da jan. Kullum da asuba kafin ya fita ni nake zuba masa soyayyiyar gyaɗa a nan. Shekara talatin da ɗaya. Ni kaɗai nake da izinin wannan aljihu a duniya. Kai kake so ka gaya mini?"

Matata ta dube ni ta ce, "Ba ka ce wurin gyara ka kai ta ba?"

A tsaye na faɗa musu komai, daga farko, bi da bi. Mama ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Wato kai ka yi wannan? Da hannunka?" Na ce e. Ta sake duba ƙunar, ta shafa ta da babban yatsa. Ta ce, "Ka iya aiki." Ta naɗe rigar ta ajiye a hannun kujera, ta shiga ɗaki ta ɗauko zanenta, ta naɗe jikarta a ciki. Ta ce, "Mu tafi, kada mu makara. Kai ne mai agogo."

A coci ban ji ko kalma ɗaya daga abin da fasto ya faɗa ba.

Litinin, bakwai da ashirin, mu ukun nan dai. Na ɗora rigar a tebur na ce wa maigidan wannan ba tawa ba ce. Ya ce tawa ce. Na juya masa aljihun na faɗa masa zancen facin. Ya ce shi bai taɓa ganin wani faci ba, ni na gani? Na ce ban gani ba. Ya ce mako shida rigar tana hannuna, na sa wa kowane ɗigo lamba, amma ban ga faci shuɗi da jan zare ba? Ya ce tsofaffi sukan manta. Sannan ya ce, "Kai da bakinka ka ce ko mahaifiyarka ba za ta bambance ba. Yanzu wanne zan ɗauka, maganarka ta da ko ta yau?"

Na tambaye shi ina ɗayar take, a kawo ta mu juya aljihunta. Ya ce samfuri ce, an sayar tun tuni. Duk wannan abokin aikina yana can ƙurya yana goge gwiwar hannun wata riga. Bai ɗago ba. Ya goge wurin har ya huda fatar.

Da aka tashi, ƙarfe biyar da arba'in, ya same ni a tashar bas. Bai ce Malam Lamba ba. Ya ce, "Ɗan'uwa." Ya ce ranar Asabar ɗin da ta zo kafin a mayar mini da rigar, maigidan ya tafi da shi wata kasuwar masu tara irin waɗannan kaya a bayan gari. Ya tafi da rigar Baba don a ja hankalin mutane zuwa teburinsu. Wani mutum ya zo ya duba ta, ya tafi, ya dawo, ya sake dawowa. Suka keɓe da maigidan. "Ni na ɗauki rigan na kai motan shi," in ji abokin aikina. "Ban san sunan shi ba. Dogo ne, da tabarau."

Na ce, "Wata takwas kana kallona kullum."

Ya ce, "Takarduna na zama suna ofishin shige da fice a Croydon, sunan maigidan nan ne a kai. In ya kore ni, ni da yarana ina za mu je? Wallahi kullum ina so in faɗa maka."

Na ce zai maimaita wannan a gaban hukuma? Ya kalli ƙasa. Bas ɗina ya zo, na shiga na bar shi a tsaye.

Na je wani ofishin ba da shawara kyauta. Matar da ke wurin tana da kirki, ta ba ni lokaci. Ta tambaye ni ko akwai takardar da muka sa wa hannu da maigidan. Babu. Shaida? Babu wanda zai tsaya. Hoton rigar? Akwai, da yawa, amma duk ta waje. Sai na fito da littafina da alfahari na ce ga komai a rubuce, tabo ashirin da uku. Ta ɗauki littafin, ta ɗauki rigar da na zo da ita, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk ashirin da ukun suka fito cif, tsawo da faɗi. Ta rufe littafin a hankali ta ce, bisa ga abin da na rubuta da hannuna, rigar mahaifina ita ce wannan da ke gabanta. Na yi shaida a kan kaina, da lamba da awo.

Zan so in ce muku washegari na jefa wa maigidan makullinsa na fita. Ban yi ba. Ga jaririya, ga mai jego, ga haya. Wata tara na ƙara a shagon. Kullum bakwai da ashirin in buɗe ƙofa, in ɗauko sabuwar riga, in ƙona mata wuyan hannu inda risho ya ƙone Baba, in yi mata karce uku inda ya tare mini ƙasa, a rataya mata katin matuƙin jirgin da babu shi. A duk abin da ya faru, waɗannan watannin ne ba na iya haɗiyewa.

Mama ta yi wata uku ta koma gida. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. A filin jirgi na ce mata zan nemo ta. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Ka kula da yarinyar nan."

Daga baya na sami aikin tuƙin bas, aikin da ya dace da mai son agogo. Shagon an rufe shi, yanzu masu gyaran taya ne a wurin, maigidan kuma ban san inda ya nufa ba. Abokin aikina ya sami takardunsa. Ya zo har gida da buhun shinkafa ya ba ni haƙuri, na karɓi haƙurin, muna gaisawa. Amma ba ya ƙara ce mini Malam Lamba, ni ma ban nemi ya ce ba. 'Yata ta girma, in na yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Ta taɓa ganin rigar a akwati ta ce ta kakanta ce? Na ce a'a, ta babanki ce, shi ya yi ta.

Wani lokaci cikin sanyi mutum zai shigo bas ɗina sanye da irin rigar. In ya juya zai wuce, in ga farin layi a kafaɗar dama. Lamba huɗu. Kafaɗar da ba ta taɓa ɗaukar jakar kayan aiki ba tana yawo da gajiyar ubana. Na san yawancinsu aikin hannuna ne. Amma kowane lokaci sai na bi mutumin da kallo ta madubi har ya sauka, don ɗaya daga cikinsu ba aikina ba ce, ta Baba ce.

Mutane suna ce mini in bar wa Allah, riga ce kawai, fata ce. Na bar masa maigidan, wannan kam tuni. Abin da na kasa bari shi ne nawa. Ladabi ya hana ni sa hannu a aljihun Baba, amma bai hana ni miƙa rigar dungurungum ga baƙo ba don an kira ni gwani. Na kiyaye ƙaramar doka na karya babba. Kuma na ɗauka na san mutumin nan ciki da bai don na ƙirga tabonsa ashirin da uku, ashe wurin da ya fi komai a rigar, inda hannun uwata yake shiga kowace asuba, ban ma san da shi ba. Abin da ido yake gani na kwafa, shi kuma ake saya. Ɗayan ba shi da kasuwa, shi ya sa ɓarawon ma bai duba ba.

Mahaifiyata tana nan da rai a Jos. Idonta ya tafi, ba ta gane fuska sai murya. Hannunta kuwa lafiya lau.

Saboda haka ga roƙona, kuma don shi na rubuta duk wannan. In kana da tsohuwar rigar fata ta matuƙan jirgi, ko ka san mai tara su, ko kina share gidan da aka rataye su a jere, ko kana aiki a shagon gwanjo a nan London ko wani gari, ka buɗe ɓangaren hagu, ka zura hannu a aljihun ciki, ka juyo shi waje. Na ba ka izinin da ban ba kaina ba. In ka ga faci na shuɗiyar atamfa da jan zare, ɗinki uku a kan juna, ka aiko mini da saƙo a nan. Ba zan kai ƙarar kowa ba, ba zan ce a ba ni ita ba. A ara mini ita mako biyu kawai, in kai ta Jos tsohuwa ta sa hannunta sau ɗaya, in dawo da ita. Ni in na ari abu, ainihinsa nake mayarwa.